Makitsiyar da ke share gashin mutane

Ke da kike ganin ba a haifi wanda zai gane shirinki ba, gyara zama ki ji. A wani ƙauye an yi wata makitsiya mai sanyin hannu da zaƙin baki. Kin san al'adar mata, in an gama kitso kowacce takan tattara gashin da ya zube ta je ta binne, don kada ya faɗa hannun mugu. To ita wannan ba ta barin kowa ta sunkuya. Sai ta karya wuya, ta lanƙwasa murya: "Haba 'yar nan, kya ɓata lallenki? Bar shi, ni zan share." Ta share ɗin kuwa, ta ƙulle na kowa daban, ta jefa a wani tulu a ƙuryar ɗaki. Tun daga ranar, kan da ta taɓa ya zama nata. In ta murza ƙullin gashin mace, ko tana tsakiyar daka za ta saki taɓarya ta taho, ido a kafe, ta durƙusa a ƙofarta. Wata mai kaifin harshe ta taɓa yi mata gatsali a bakin kasuwa. Makitsiya ta ɗaure gashin matar a jikin dutse, ta jefa a tsohuwar rijiyar bayan gari. Da rana tsaka, mutane na kallo, matar nan ta bi dutsen. Bakinta na kiran a taimake ta, ƙafafunta na tafiya, maza uku suka riƙe ta suka kasa.

Kai ɗaya ya rage a garin da bai shiga tulu ba, na wata maginiyar tukwane da ke kitsa kanta da kanta, kuma ta taɓa faɗa a fili cewa ta san abin da ke cikin tulun. Makitsiya ta aika mata cewa ta zo a yi mata kitso kyauta. Maginiya ta san in ta je rijiya ce, in ta ƙi matan gari za su danne ta su tuge gashin da ƙarfi. Ta je. Ta sa kanta tsakanin gwiwoyin matar, tana jin yatsu masu sanyi kamar na gawa suna yawo a ƙeyarta, tana kallon gashinta na sauka kan tabarma sili-sili. Da aka kai ƙarshe makitsiya ta shiga ɗaki ɗauko man shanu. Nan maginiya ta hango matajin matar soke a jikin zana, cunkushe da gashin mai shi. Ta zare gashin ta watsa a tabarma, nata kuwa ta dunƙule ta cusa a kunci. Makitsiya ta fito, ta shafe mata kai, ta ce, "Tashi abinki, ni zan share." Maginiya ta kasa ko sallama, sai gyaɗa kai. Matar ta ɗauka tsoro ne ya ɗaure mata harshe, har da 'yar dariyarta.

Makitsiya ba ta ko bari la'asar ta yi ba. Ta ɗaure abin da ta share a jikin dutse, ta kai rijiya ta saki, ta juyo gida tana karkaɗe hannu. Taku bakwai ta yi ƙafafunta suka tsaya. Suka juya da kansu. Ta kama reshen geza, ya tsinke. Ta rungumi kututture, fatar hannunta ta saɓule. Ta shiga kiran matan gari da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, yau babu karya wuya, babu 'yar nan. Suka fito suka tsaya daga nesa, don tulun na can ƙuryar ɗaki, ba mai murza ƙullin gashinsu. Maginiya na cikinsu, gashinta har yanzu a bakinta, ta kasa tofarwa sai da ta ji ƙarar ruwa daga can ƙasa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.