Gwajin Saksofon a Bayan Zani

Zanin gado suka rataya a igiya, ya raba ɗakin atisaye gida biyu. Baba, shugaban ƙungiyar kiɗan, ya shige baya, 'yarsa na biye da akwatuna biyu, kamar yadda ta saba tun da kafaɗarsa ta fara ciwo.

Magana ce a kan saksofon, ɗan siririn nan miƙaƙƙe da ake kira sofrano. Shekara talatin da ɗaya Baba yana busa guda, tsohon ƙira, har ruwan zinarensa ya koɗe a inda babban yatsa ke zama. Yanzu an fito da sabon samfuri, wai maɓallansa sun fi laushi, kuma muryarsa ba ta kaucewa in an hau sama.

"Kada ido ya sa baki," in ji Baba daga bayan zanin. "Kunnuwanku kawai nake so. Wanda ya faɗi ba zai sake hawa dandamali ba."

Dama hankalin 'yan ƙungiyar a tashe yake. Wata shida ke nan sautin yana rawa a tsakiyar waƙa, masu gayyata sun fara ja da baya. To amma wa zai dubi idon mutumin da ya koya musu kiɗa ya ce kayansa sun lalace? In ya tambaya, amsar ɗaya ce: "Ai Baba, sai godiya."

Kiɗan farko ya tashi. Sauti tas, ya hau sama bai girgiza ba, ya yi dogon ja har Dogo mai ganga ya manta yana kaɗa ƙafa. Da ya ƙare, aka ji motsin kujera.

Na biyu ya biyo da waƙar dai. Farkonta da daɗi, irin daɗin da suka sani. A layi na uku iska ta fara zuba. Da aka zo hawan, muryar ta tsage, ta koma, ta sake tsagewa.

Tun da ƙarfe aka ba su su yi wa hukunci, bakin kowa ya buɗe.

"Baba, na biyun nan ya gama yayi," in ji Dogo. "Ya yi mana aiki, ba mu mantawa, amma a rataye shi a bango."

"Wallahi kunya yake ba ni a gaban mutane," in ji mai fiyano. "Wata da watanni nake haɗiye maganar."

Mai jita ya ce tari ma ya fi wannan tsari, aka kwashe da dariya.

Baba ya fito yana share gumi, numfashinsa bai gama daidaita ba. "Duk kun yarda?"

Suka ce ƙwarai kuwa.

"Na gode. Yau kun gaya mini gaskiya." Ya dafa kafaɗar Dogo, ya sauka matakala a hankali, hannu wofi.

Dogo ya yaye zanin don ya ga sabon kayan da ya ci gwaji, sai ya tarar da 'yar Baba zaune tana hawaye, tsohon saksofon a cinyarta.

"Haba ƙanwata, a kan ƙarfe kike kuka? Ina sabon?"

"Yana cikin ledarsa, Yaya, ko buɗe shi ba mu yi ba," ta ce. "Wannan ɗin aka busa sau biyu. Na farko ni ce, na biyu Baba."