Ƙafar da Ba Ta Son Ruwa

Tun da aka kafa dokar cewa duk mai ƙafa ɗaya sai an dasa masa ta ƙarfe, Uwani ba ta sake shiga ruwa ba. Ita da ta ciyo wa ƙasa zinare a gasar ninƙaya ta nakasassu, da ƙafarta ɗaya tal!

Yau ma ta zo wurin ninƙayar da aka sa wa sunanta. Tana isa bakin ruwa ƙafar ta ƙame, ta soma ƙara.

"Malam Tanimu, don Allah cire min wannan tsiyar," ta ce wa mai gadi.

"Hajiya, ai ba ta ciruwa. Kuma kare ki take yi, kar ki nutse."

"Ni zan nutse? Ɗaga kai ka ga hoton wa ke bangon nan!"

Ya ɗaga kai, ita ma ta duba. An gyara hoton, an ƙara mata ƙafa.

Kafin ta buɗe baki, ƙafar ta juya da kanta ta nufi ƙofa. Haka ta tafi da Uwani har titi, tana ta zaginta, ƙafarta ta haihuwa tana jan ƙasa.