Takardar da Ta Shekara Biyu a Akwati

Tana shanya kaya a bayan ɗaki 'yarta Auta ta kira ta a waya.

"Mama, sun ɗauke ni aiki! Mu tara muka je, ni kaɗai ce mace!"

Maman Auta ta zauna a kan bokiti tana dariya, dariyar ta ƙare da kuka.

Marigayi mijinta mai gyaran rediyo ne. Tun Auta ba ta kai tsawon teburinsa ba take riƙe masa dalma. Uwar kuwa ta tsani abin. "A ofis 'yata za ta zauna, ƙarƙashin fanka," in ji ta, "ba ta ƙare da ƙonannun yatsu ba."

Da takardar shiga makarantar koyon haɗa wayoyin kwamfuta ta iso, a hannun uwar ta faɗa. Ta cusa ta ƙasan akwati, ta ja bakinta ta yi gum. Shekara biyu Auta tana zaga ofisoshi neman aiki, kullum a ce ta dawo gobe.

Wata rana maigidan yana neman tsohuwar hularsa, sai ga takarda.

"Maman Auta, ƙafa takardar nan ta yi ta shiga akwatinki?"

"Baban Auta, ni dai..."

"Da sana'ar da kika raina na aure ki, da ita kuma kika yi wannan kumatun."

Washegari ya kai yarinyar makarantar da kansa. Saura wata huɗu ta gama, ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba. Da ba a ɓoye takardar ba, da ya ga ranar da idonsa.

Ranar da aka ɗauke ta aikin, da Auta ta shigo gida, uwar ta riƙe hannunta. "Me kika yi musu?"

"Akwatin wayoyi suka buɗe mana, Mama, a cukurkuɗe kamar gashin da bai taɓa ganin mataji ba. Mazan suka hau cirewa da sokawa. Ni kuwa na yi yadda Baba yake yi, na bi kowace waya na manna mata lamba a kai da gindi kafin na cire komai. Suna ta dariya, wai ado na zo yi. Kafin awa guda kwamfutocin benen duka suka kama aiki. Shugaban ya ce wa ya koya mini."

"Kika ce wa?"

"Na ce Babana."

Yau mutum shida ke aiki a ƙarƙashinta, makarantu da asibitoci layi suke bi.

Iyaye, kada ku raina sana'ar hannu, kada ku tare wa ɗa hanyar da ya iya. Aiki yana iya jira, rai ba ya jira.

Har yau, kullum da safe, Maman Auta ce ke zare batirin na'urar huda bango daga caji, ta goge shi da gefen zaninta, ta saka wa Auta a jaka.