Ranar Hutun Damtse

Ruwan kogin Haɗeja ya riga ya shigo zaure lokacin da uwar ta ce wa ɗanta ya ɗauke mata buhun shinkafa. Wata uku ke nan saurayin yana ɗaga wasu gwangwanaye biyu da ya cika da siminti ya soka musu rodi, kullum yana auna damtsensa da zare. In an ce ya je fadama, sai ya ce yau ranar hutun damtse ce.

Ya rungumi buhun, ya yi nishi, buhu ko gezau.

Uwar, siririya kamar kara, ta ture shi gefe, ta cicciɓi buhun ta ɗora a kan gwangwanayen. Ruwa ya wuce ta ƙasa.

Ta ce, "Yau dai simintinka ya yi rana."