Sunan Bature a Takardarmu

Ina aji uku a lakwal ta Filingué, zamanin soja, na dawo gida da la'asar ina huci. Malam ya kira "Hadiza Fajita," yara sun yi dariya kamar kullum.

"Baba, wane ne Fajita? Duk ƙasar Kurfai ba mai wannan suna sai mu."

Ya ɗauko wani kati mai warin kafur. Na kakana ne, daga Kumasi, inda ya yi wa wani Baturen Ingila dako. Da kakana ya dawo gida, akawun gwamnati ya karɓi katin ya kwafe sunan da ke sama, na Baturen, a matsayin sunan gidanmu.

"Mi ya hana a gyara?"

"Ɗiyata, wa ka zuwa gaban soja ya ce takarda ta yi ƙarya?"

Sai da na girma na ji ma'anar sunan, wai mai yaɓen bango, kuma ko a Ingila masu shi kaɗan ne. Kakana sunansa Ɗan Baro, ba takardar da ta san shi. Shi ya ɗauki kayan Bature ya sauke. Mu sunan aka aza mana, har yau ba wanda ya kama mana muka sauke.