Zanen Shekara Tara Da Ƙanin Miji Ya Goge

Kwamfutar Gwanar Zare, irin ƙaramar nan da ake ce wa laftof, ta fara mutuwa a tsakiyar aiki. Sai ta ɗau zafi kamar dutsen guga, ta yi ta huci, can kuma fuskarta ta yi baƙi ƙirin.

Gwana tela ce, mai ɗinkin kwalliya da keken kwamfuta. A laftof ɗin take zana furanni da bajon makarantu, ta tura wa keken, shi kuma ya fitar da su a jikin yadi. Shekara tara tana tara zane a ciki, kowane mai kawo ɗinki da nasa. Ba ta da kwafinsu a ko'ina. Kullum za ta sayi filashi, 'yar ƙaramar ma'ajiyar nan, ta kwashe, kullum sai gobe.

Ta yi niyyar kai kwamfutar wurin wani tsohon mai gyara da ke ƙarshen layin shagunansu. Da ta faɗa wa maigidanta suna karyawa, sai ya ajiye kofi ya ɓata rai. Wai ina dalilin kai wa bare aiki ga Injiniya a gida? So take a ce ta raina danginsa?

Bari in gaya muku wane ne Injiniyan nan, 'ya'yana. Ƙanin mijinta ne, magidanci da gemunsa. Bai taɓa koyon gyara a wurin kowa ba. Rimot ɗin talabijin ya taɓa tayarwa, sunan ya bi shi, shi ma ya yarda.

Ya zo da yamma, surukarta na zaune a falo. Ya juya kwamfutar, ya ƙwanƙwasa bayanta da yatsa, ya kara kunne kamar mai sauraron cikin mara lafiya.

"Matarmu, tsufa ke damunta," in ji shi. "Ma'ajiyar da ke cikinta ce ta gaji. In na sa miki sabuwa, sai kin riƙa roƙonta ta jira ki."

Tambaya ta zo wa Gwana har bakin harshe: zanena fa, ina za su shiga? Ta dubi surukarta, wadda ke ta murmushi tana sa wa ɗanta albarka, sai ta haɗiye. Abin da ta iya cewa kawai, a dai kula mata da aikinta. Ya ce ta zuba ido.

Bayan kwana uku ya kawo mata ita shago yana taƙama. Ta kunna, nan take ta tashi, ba jira. Ta nemi inda zanenta suke. Wayam. Ta sake dubawa. Ko fure ɗaya babu.

Ya ce ai sabuwar ma'ajiya haka take zuwa, fanko. Tsohuwar kuwa ya goge ta tas ya sa wa wani abokinsa, har ya cika ta da finafinai.

"Ka goge? Shekara tara, Injiniya?"

"Ai ba ki ce in kwashe ba. Kula kika ce in yi, kuma na kula."

Wallahi ko yanzu da nake ba ku labari raina tafasa yake. Bai bar shagon da awa ɗaya ba, kwamfutar ta sake ɗaukar zafi ta mutu.

A ranar Gwana ba ta nemi izinin kowa ba, ta rungume ta sai wurin tsohon mai gyara. Ya kwance bayanta, ya sa ɗan tsinke a fankar ciki, ya zaro wani curin burbushin zare da ƙurar yadi kamar sheƙar tsuntsu. Ya hure, ya mayar. Minti goma. Ya ce ciwonta ke nan, numfashi ne ya toshe, ita tsohuwar ma'ajiya ba ta yi laifin komai ba.

Aka karɓo tsohuwar ma'ajiyar daga wurin abokin. Kwana biyu tsohon yana fama, daga ƙarshe ya cire tabarau ya girgiza kai. Finafinan sun hau kan komai.

A makon shugabar wata makaranta ta zo karɓar bajo ɗari huɗu na kayan ɗalibai, aikin da Gwana ke yi musu duk shekara. Ta saurari abin da ya faru, ta jajanta, ta kwashe yadinta ta kai gaba, don ranar komawa makaranta ba ta jiran kowa. Masu zuwa su ce a yi musu irin na bara suka riƙa juyawa ɗaya bayan ɗaya.

Kuna tsammani an tsawata wa Injiniya? Ina. Shi ne ma ya yi fushi, wai ya yi wahala ba godiya, an kuma ɗaga masa murya a gaban mutane. Surukar ta ce a yi haƙuri, ɗan'uwa ne. Maigidan ya ce zane ne fa, ba rai ba.

Ranar hutu aka tara 'yan gida a falo. Gwana, wadda aka goge wa gumin shekara tara, ita aka sa ta durƙusa ta ba ƙanin mijinta haƙuri. Ya ce ya yafe.

Jama'a, zumunci ba shi ne iya aiki ba. Abin da kuke ci da shi ku kai wa wanda ya san shi, ku ajiye kwafin aikinku tun kafin ya bar hannunku, kuma kada kunyar kowa ta hana ku tambaya.