Zuciyar Barau a Ƙirjin Rago

Tun da doka ta manna wa kowane dattijo na'ura a ƙirji, da bugun zuciya ya hau sai motar asibiti ta kwashe mutum. Barau kuwa yau ɗansa zai yi dambe. Ya ɓamɓare tasa, ya aske ƙirjin ragonsa, ya liƙa masa, ya fice.

Yana bakin filin dambe Tabawa mai duba zanen zuciya a asibiti ta bugo masa waya.

"Baba Barau, kai ne? Zanenka ya miƙe ɗoɗar!"

"Ni ne, 'yar nan."

"To wa ya mutu?"

Sai ya tuna ya aika mahauci ya yanka ragon don shagalin nasara. Ƙofar filin mai aiki da na'ura ta ƙi buɗe masa, ba ta shigar da wanda aka rubuta mamaci. A ciki kalangu ya ɗauka.